Na'ura Ta Duba, Mutum Ya Sa Hannu

Duk wanda ya manyanta a ƙasar nan ya san ranar da masu ƙidaya suka yi sallama a ƙofar gidansa. An yi babbar ƙidayar jama'a a Nijar a 1977, aka sake a 1988, da 2001, da kuma 2012, wadda ta nuna mun haura mutum miliyan 17. Ban da wannan, sau da yawa akan ga samari da ƴan mata da takardu ko ƴar na'ura a hannu suna zagaya garuruwa, suna tambayar dami nawa aka samu a gona, awaki nawa ke turke, ɗa nawa matar gida ta haifa, nawa suka rayu. Kafin su fara tambaya sukan yi alkawari guda: abin da ka faɗa mana amana ne, ba wanda zai ji shi da sunanka. Dattawanmu da suka ga zamanin lanho da jangali, lokacin da ƙidaya take nufin biya, sun san abin da ke sa mutum ya tura ɗansa daji, ko ya kora shanunsa bayan tudu, ranar da aka ce gardi yana tafe. An daɗe ana lallashi kafin talaka ya yarda ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin gidansa.

Wannan alkawari nake so mu duba yau, ko da yake zancen zai kai mu Ingila da Faransa, domin can ne ake fama da wata tambaya wadda ba mu kai gare ta ba tukuna, amma tana jiran mu a gaba. Tambayar ita ce: in masana sun yi bincike cikin bayanan jama'a, wa zai duba sakamakon kafin ya fita, don a tabbata bai tona asirin kowa ba? Mutum ne, ko na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta?

Ba a tara bayanai don a kulle su a akwati. Gwamnati tana bukatarsu ta san inda za ta gina lakwal da gidan likita, masana jami'a suna bukatarsu su gane abin da ke kashe yara, ko abin da ke hana ƴan mata ƙare karatu. Da can an ɗauka maganin abin mai sauƙi ne: a goge sunaye, a miƙa sauran. Wata ɗaliba a Amurka mai suna Latanya Sweeney ce ta nuna wa duniya cewa wannan bai isa ba. A jihar Masacusets an ba masu bincike bayanan jinyar ma'aikatan gwamnati bayan an cire sunayensu, gwamnan jihar, William Weld, ya tabbatar wa jama'a asirinsu a rufe yake. A 1997 ɗalibar nan ta sayi rajistar masu jefa ƙuri'a ta birnin da gwamnan yake zaune a kan dalar Amurka 20, ta gwama ta da bayanan likita. Mutum shida ne kawai suka yi ranar haihuwa ɗaya da shi, uku daga cikinsu maza, kuma shi kaɗai ne ke zaune a unguwa mai lambar gidan waya irin tasa. Ta tsamo takardun jinyarsa, ta aika masa da su har ofishinsa. Daga baya ta yi lissafi cewa ranar haihuwa, da jinsi, da lambar gidan waya sun isa a gane kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya bayan ɗaya. Ashe suna ba shi kaɗai ne ke nuna mutum ba.

Saboda haka ƙasashe da dama suka sake dabara. Maimakon a kai wa mai bincike bayanai, shi ne zai zo wurin bayanai. Aka yi abin da za mu iya kira ɗakin amana: kwamfuta mai tsaro wadda bayanai ke ciki, mai bincike ya shiga da izini, ya yi lissafinsa, amma ba ya iya kwafe komai ya fita da shi. A Faransa akwai cibiyar da ake kira CASD, wadda ta fara aiki wajen 2010. Mai bincike yana shiga ta wani ɗan akwati da ake ajiye masa a wurin aikinsa, sai ya sa kati ya kuma ɗora yatsa kafin ya buɗe. A Ingila, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa ta tsara tun 2003, ta hannun wani masani Felix Ritchie, sharuɗɗa biyar da wasu ƙasashe suka ara daga baya: aikin ya zama mai amfani ga jama'a, mai binciken ya zama amintacce da aka horar, wurin aikin ya zama mai tsaro, bayanan a rage abin da ke nuna mutum a cikinsu, sannan abin da zai fita a duba shi. Amfanin irin wannan ɗaki ya bayyana a 2020, lokacin annobar korona, da masana na Okusfod da Landan suka kafa tsarin OpenSAFELY, suka bincika bayanan likita na manya fiye da miliyan 17, kwatankwacin dukan mutanen Nijar a ƙidayar 2012, cikin ƴan watanni suka bayyana irin mutanen da cutar ta fi kashewa, ba tare da bayanan sun bar ma'ajiyarsu ba.

Sharaɗi na biyar shi ne ƙofar fita, kuma nan ne aikin yake da wuya. Bari mu kawo misali da abin da muka sani. A ce mai bincike ya shirya jadawalin masu fama da wata cuta da ake jin kunyarta a wani kanto, ya rarraba su bisa sana'a da shekaru. Babu suna ko ɗaya a ciki. Amma wani gurbi ya ce: malamar makaranta, mai shekara tsakanin 40 da 50, mutum 1. A kanton da malama irin wannan guda ɗaya ce, an kira sunanta ke nan a tsakiyar kasuwa. Don haka aka kafa ƙa'idar mafi ƙarancin adadi. Ma'aikatar ƙididdiga ta Ingila ba ta barin gurbin da bai kai mutum 10 ba ya fita daga ɗakinta. A OpenSAFELY ana ɓoye duk adadin da bai wuce 7 ba, sauran kuma a mayar da su zuwa biyar-biyar mafi kusa. A Faransa, inda dokar sirrin ƙididdiga ta samo asali tun 7 ga Yuni 1951, bayanan haraji sai gurbi ya kai mutum 11, na kamfanoni kuwa sai ya ƙunshi aƙalla 3, kuma kada ɗaya daga cikinsu ya riƙe fiye da kashi 85 cikin 100 na jimlar.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta, domin ƴan kasuwarmu za su gane ta nan da nan. A ce a wani gari masu fataucin albasa biyar ne, amma alhaji guda ke da tara bisa goma na cinikin. In aka buga jimlar cinikin albasa na garin, an kusa buga cinikin alhajin nan ne. Wanda ke biye masa kuwa ya san nasa, sai ya ɗebe shi daga jimla, ya san kusan abin da ke aljihun abokin gasarsa. Ba a ambaci kowa ba, amma an buɗe littafin mutum.

Shekara da shekaru, mutane ne ke wannan dubawa da ido. A wurare da dama, har da OpenSAFELY, sai ma'aikata biyu sun duba kowace takarda kafin ta fita. Aiki ne mai cin rai. Mai bincike guda yana iya turo jadawali hamsin, kowane da gurabu ɗaruruwa, kuma kusan dukansu lafiya lau suke. Mai dubawa sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana neman gurbi guda da ya kauce. Duk wanda ya taɓa tsince tsakuwa a cikin shinkafa ya san cewa da tiya ta farko ido yana da kaifi, da ta goma kuwa hannu ne kawai ke motsi. Ga kuma masu bincike suna ƙaruwa, ma'aikatan dubawa ba sa ƙaruwa yadda ya kamata, takardu suna taruwa, mai bincike yana jira yana ƙunƙuni.

Daga nan aka shigo da na'ura. Ofishin ƙididdiga na Tarayyar Turai ne ya fara ba da kuɗin gwajin wata manhaja mai suna ACRO, wadda masana na wata jami'a a birnin Biristol suka tsara. A 2023, da kuɗin wani shirin bincike na gwamnatin Ingila mai suna DARE UK, suka faɗaɗa ta tare da abokan aiki na wasu jami'o'i, aka sa wa aikin suna SACRO. Harafin da aka ƙara a gaba yana da ma'ana: yana nufin rabi. Rabin aiki na na'ura, rabi na mutum.

Ga yadda take aiki. Hukumar ɗakin amana ce ke rubuta ƙa'idojinta, kamar mafi ƙarancin adadi da iyakar abin da mutum guda zai riƙe na jimla. Mai bincike yana ba da umarninsa kusan kamar yadda ya saba, sai dai duk jadawalin da ya fitar, manhajar tana auna shi a take da ƙa'idojin nan, ta ce masa wannan ya wuce, wannan ya faɗi, wannan sai mutum ya duba, ta kuma nuna masa ainihin gurbin da ya kauce da dalili. Yana iya haɗa rukuni biyu su zama ɗaya, ko ya bar na'ura ta ɓoye gurbin, ko ya rubuta hujjarsa in yana ganin ƙa'idar ba ta dace da wannan wuri ba. In ya ƙare, duk abin da yake so ya fitar yana zuwa gaban ma'aikacin dubawa tare da rahoton na'ura. Na'urar ba ta buɗe ƙofa. Ma'aikacin ne ke cewa wannan ya fita, wannan ya tsaya.

A ganina wannan tsari yana bisa hanya, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi masa kallon tsoro ba. Ƙirga gurabu aikin na'ura ne. Ba ta gajiya, ba ta jin yunwa da la'asar, ba ta jin nauyin babban farfesa ta bar masa abin da za ta hana ɗalibi. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne tana koya wa mai binciken kansa. Da can sai ya jira kwanaki kafin a mayar masa da takarda a ce ta faɗi; yanzu yana ganin kuskurensa tun yana kan kujera, ya gyara da hannunsa. Mutumin da aka nuna wa dalili ya fi kiyaye doka bisa wanda aka ce masa a'a kawai. Sannan duk abin da aka yanke yana rubuce: wane ne ya roƙa, me na'ura ta ce, wane ne ya yarda. Ranar da aka samu ɓaraka, akwai inda za a koma a duba.

To, amma sai mu faɗi iyakarta, domin mai sayen doki ba ya tsayawa kan kyaun sirdi.

Na'ura tana auna jadawalin da ke gabanta. Asiri kuwa yakan fita ta tsakanin jadawali biyu waɗanda kowanensu lafiya yake. A ce na farko ya nuna masu wata cuta a wani gari daga shekara 60 zuwa sama su 25 ne. Bayan wata uku wani ya fitar da na biyu, daga shekara 61 zuwa sama, su 24. Dukansu sun haura 10, dukansu sun wuce. Amma ɗan aji biyu ma zai ɗebe 24 daga 25, ya san akwai mai shekara 60 cif da ke ɗauke da cutar, kuma a ƙaramin gari ba a rasa wanda ya san ko wane ne. Kama wannan yana bukatar wanda ya tuna abin da ya fita a baya, har da abin da wata ma'aikata dabam ta buga a wani littafi. Wannan har yanzu ya fi ƙarfin na'ura, mutum ma yana ba shi wuya.

Akwai kuma abin da ba lissafi ba ne, sanin mutane ne. Na'ura tana iya nuna cewa dukan mutanen wani rukuni sun faɗa gurbi guda. Ba ta san ko hakan abin kunya ne ko a'a. In jadawali ya ce dukan magidanta 30 na wata unguwa sun noma hatsi bana, ba wanda aka cuta. In ya ce dukan su 30 sun kasa biyan bashin da suka ci, to, an tozarta kowanensu, ko da yake adadin ya ninka 10 sau uku. Abin da ba komai ba ne a Landan yana iya raba aure a Tasawa, ko ya hana yarinya miji a Madawa. Ƙa'idar mutum 10 ma an yanka ta ne a ƙasar da mutum ke iya shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, ko a rugar da gida bakwai ne, goma ba ta da yawan da za a ɓuya a cikinta. Masu babban binciken lafiyar iyali da aka yi a ƙasar nan a 2012 sun san da haka, shi ya sa a irin wannan bincike akan gusar da alamar gari a kan taswira da gangan, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a karkara, don kada a gane ainihin ƙauyen. Wannan shawara mutum ne ya yanke ta, bayan ya yi tunanin yadda ƙauye yake.

Ga kuma sabon abu da ya ɓullo. Masu bincike a yau ba jadawali kaɗai suke son fitarwa ba, har da manhajojin da aka koyar da su a kan bayanan marasa lafiya don su riƙa hasashen cuta. Irin wannan manhaja tana iya haddace bayanan wasu mutane a cikinta, mai wayo ya tatso su daga baya. Ido ba ya ganin wannan ko kaɗan, dole sai an sa wata na'urar ta gwada kai mata hari a ga abin da za ta zubar. Masu aikin SACRO sun haɗa da kayan wannan gwaji. A nan mutum ne ke bukatar na'ura, amma ko a nan shi zai karanta sakamakon gwajin ya yanke hukunci.

Babban abin da nake tsoro ba daga na'urar yake ba, daga masu riƙe da kasafin kuɗi yake. Shugaban ma'aikata yana iya cewa tunda kwamfuta tana yin rabin aiki, a rage rabin ma'aikata, bayan shekara biyu a ce ai ba ta taɓa kuskure ba, a bar mutum guda. Shi kuma mutum gudan nan, da ya saba ganin na'ura ta ce ya wuce, sai hannunsa ya riga idonsa. A takarda dai akwai mai dubawa, a gaskiya kuwa hatimi ne kawai ke bugawa. Mun san wannan hali a biro-biro namu tun kafin zuwan kwamfuta: takardar da ta zo da sa hannu uku, na huɗu ba ya karanta ta. Lokacin da na'ura ta rage wa ma'aikaci, kamata ya yi ya koma kan takardu masu wuya, waɗanda ke bukatar ya kira mai binciken su zauna su yi magana, ba a mayar da shi riba a littafin akanta ba.

Kada kuma a ɗauka ɓoyewa kullum ita ce alheri. Ƙa'idar da aka bi ido rufe tana share ƙananan jama'a daga lissafi. Masu cutar da ba ta da yawa, makiyaya da ke warwatse, naƙasassu na ƙaramin gari, su ne kullum ba sa kai 10 a gurbi, su ne kuma suka fi bukatar a gan su. Wanda ba ya cikin jadawali ba ya cikin kasafi. Shi ya sa damar da aka ba mai bincike ta kawo hujja take da muhimmanci, kuma shi ya sa dole a samu wanda zai saurari hujjar, ya auna amfanin da illar, ya ce na yarda, da sunansa.

Me ya shafe mu a nan? Muna da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa a Yamai, an kuma yi dokar kare bayanan mutane a 2017, aka kafa hukumar da ke kula da ita. Bayanan da ake tarawa suna ƙaruwa kowace shekara, na gidajen likita, na makarantu, na masu karɓar agaji, kuma masu neman su daga ciki da waje ba za su ragu ba. Manhajar da muke zance a kanta kyauta ce, an buɗe ta ga duk mai so, saboda haka samun ta ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce, na'ura ba ta aiki sai an ba ta ƙa'ida, ƙa'idar kuwa ba a aro ta kamar garma. Kafin wata ma'aikata tamu ta ɗora irin wannan manhaja, sai masana ƙididdiga, da lokotoro, da alƙalai, da sarakunan gargajiya da suka san garuruwansu sun zauna sun yanke adadin da ya dace da ƙauyukanmu da rugagenmu, da irin bayanan da ba za a rarraba su ƙasa da matakin gunduma ba ko da adadin ya kai. A rubuta shi da Faransanci da harsunan ƙasa, a karanta a rediyo, don mai amsa tambaya ya san abin da aka yi masa alkawari dalla-dalla. Sannan a horar da aƙalla mutum biyu a kowace ma'aikatar da ke riƙe da irin waɗannan bayanai, a ba su ikon hana takarda fita ko da daga ofishin minista aka aiko neman ta, a kuma ajiye rajista guda ta duk jadawalin da ya taɓa fita, domin mai dubawa na gobe ya iya gwama shi da na jiya.